TAƘAITACCEN TARIHIN BISHOF SAMUEL AJAYI CROWTHER

Gabatarwa

Muna yi wa Allah Uba godiya, wanda ya kiyaye ikilisiyarmu cikin alherinsa har muka ga cikar shekara 50. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A waɗansu shafofin wannan littafi an ba da labarin iyayenmu da suka fara sujada a wannan wuri, da masu bishara da fastoci da suka yi kiwonmu bi da bi. A nan kuwa mun ga ya dace mu ƙara waiwayawa baya, mu tuna da wani bawan Allah wanda bai taɓa taka garinmu ba, bai kuwa san sunan ko ɗaya daga cikin kakanninmu ba, amma ta hannunsa aikin bishara ya fara kafuwa a bakin ƙasar Arewa.

Yawancinmu mun ji sunansa tun muna firamare, mun kuma san shi ne baƙar fata na fari da ya zama bishof a ikilisiyar Angilikan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin haƙurin da ya yi gini da shi shekara da shekaru, da yadda garaje ya kusa rushe ginin a ƙarshen ransa. Wannan ne muke so mu sa a gaban 'yan'uwa, manya da yara, a ranar murnarmu.

Haihuwarsa da Shigarsa Bauta

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, a Jihar Oyo ta yanzu. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa, kasuwar bayi kuma tana ci. Wata safiya a farkon shekara ta 1821, mata suna cikin shirin abinci, sai mahara suka kewaye garin. Bisa ga labarin da shi kansa ya rubuta daga baya, rundunar ta ƙunshi Yarabawan Oyo Musulmi, da Fulani, da waɗansu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu. Aka ƙone garin. Aka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka sa musu igiya a wuya. Mahaifinsa ya fita kāre gari, daga ranar kuwa bai ƙara ganinsa ba. Shekarun yaron ba su wuce 12 ko 13 ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da mahaifiyarsa. Da fari aka yi musayarsa da doki, amma da dokin bai gamshi mai shi ba, aka mayar da ciniki. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, wani lokaci a bakin taba, wani lokaci a bakin barasa. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawa ya kai shi har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa da ɗamararsa, amma Ubangiji bai yarda ba. Abin da yake gudu kuwa shi ya same shi, gama a Ikko aka sayar da shi ga fataken bayi na Fotugal, aka sa shi a sarƙa tare da manya.

A watan Afrilu na 1822 aka loda su cikin jirgi, su fiye da 180, za a ƙetare teku da su. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Aka kai Ajayi da waɗansu yara cikin wani jirgi mai suna Myrmidon, wanda Kyaftin Henry Leeke yake shugabanta. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye, da dunƙulallun harsasan igwa a jere, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka lura da kofato a jikin naman, suka kuma taɓa ƙarfen, kana hankalinsu ya kwanta.

Zamansa a Saliyo

A watan Yuni na shekarar nan aka sauke su a Saliyo, inda Ingila take zaunar da bayin da aka ƙwato a teku. A can akwai Yarabawa, da Ibo, da Nufawa, da Hausawa, da Barebari, kowa da harshensa, dukansu an raba su da gida. Aka danƙa Ajayi ga 'yan mishan na ƙungiyar C.M.S. a ƙauyen Bathurst. Cikin wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Ya kuma koyi aikin kafinta a hannun wani malami mai suna John Weeks.

Ran 11 ga Disamba 1825 Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani fasto na Landan da yake cikin shugabannin C.M.S. A 1826 aka tafi da shi Ingila, ya yi 'yan watanni a makaranta. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827 domin horar da 'yan Afirka aikin ikilisiya, sunansa ne na fari a littafin ɗalibai. Ya zama malamin makaranta, ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta na baftisma Susan. Suka yi zaman aure wajen shekara 50, Allah kuma ya ba su 'ya'ya maza da mata. Autansu Dandeson ya bi sawun mahaifinsa cikin aikin Ubangiji. 'Yarsu Abigail ita ce ta haifi Herbert Macaulay, wanda ya yi suna cikin masu neman 'yancin Nijeriya.

Tafiya ta Fari a Kogin Kwara

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi, su kuma buɗe hanyar noma da ciniki na halal. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar, wato Rabaran James Frederick Schön, Bajamushe, da Malam Samuel Crowther. Tun kafin su tashi aka umarce su su koyi Hausa, gama an san ita ce harshen fatauci a ƙasashen da za su nufa. Suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja take yau, jirgi ɗaya ya kai har Eggan a ƙasar Nufe. Amma zazzaɓi ya auka musu. Cikin Turawa 145 wajen 40 suka mutu, sauran suka juya da ƙyar.

A idon duniya tafiyar ta faɗi. Amma abu biyu suka fito daga cikinta waɗanda muke cin amfaninsu har yau. Na ɗaya, Schön ya ba da sauran ransa ga harshen Hausa. Ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, ya kuma juya littattafan Sabon Alkawari zuwa Hausa. Na biyu, ya rubuta wa C.M.S. cewa 'yan Afirka ne za su iya kai bishara cikin Afirka, ya kuma nuna Crowther a kan misali. Saboda haka aka kira Crowther Landan, ya ƙara karatu, a 1843 kuma Bishof na Landan ya ɗibiya masa hannu, ya zama Rabaran. A shekarar ce ya buga littafinsa na fari a kan kalmomi da nahawun Yarabanci.

Saduwa da Mahaifiyarsa

A 1845 ya sauka Badagry tare da Rabaran Henry Townsend da waɗansu, a watan Agusta na 1846 kuma suka shiga Abeokuta. Bai cika wata ɗaya a garin ba sai labari ya zo cewa mahaifiyarsa, Afala, tana da rai a wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara 25 ke nan rabonsu. Ta riƙe hannunsa tana rawar jiki, suna duban juna, hawaye yana zuba, magana ta gagara. Ta wurinta ya sami ƙannensa mata biyu da 'ya'yansu, ya kuma fanshe su sa'ad da yaƙi ya sāke jefa su hannun masu kamun bayi.

Tsohuwar ta shiga ajin masu neman baftisma, a 1848 kuma aka yi mata baftisma cikin masu bi na fari a Abeokuta. Aka sa mata suna Hannatu, kamar mahaifiyar annabi Sama'ila. Ta rayu har ta ga ɗanta ya zama bishof, ta rasu a 1883 da tsufa ƙwarai.

A Abeokuta ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ba ya gaggawar zaɓen kalma. Yakan zauna wurin tsofaffi, Musulmi da masu bin addinin gargajiya, yana sauraron yadda suke magana, yana rubuta karin magana da kalmomi masu zurfi. Ya nace a riƙa sa alamomin hawa da saukar murya a rubutu domin kada mai karatu ya ɓata ma'ana. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, tare da takardun kalmomin da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya yi baƙin ciki, ya sāke farawa. A 1884 aka kammala dukan Littafi Mai Tsarki da Yarabanci.

A 1851 ya gana da Sarauniya Victoria da mijinta a fadar Windsor, ya bayyana musu halin da cinikin bayi ya sa ƙasarsa, ya kuma karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci.

Bishara ta Iso Bakin Arewa

Zuciyarsa ba ta rabu da Kwara ba. A 1854 ya sāke hawa kogin tare da Likita William Baikie cikin jirgi mai suna Pleiad. Suka bi Binuwai har ƙasar Muri. A wannan karo kowa yana shan kwinin kullum, ba a kuwa rasa ko mutum ɗaya ba. Hanya ta buɗe ke nan.

A 1857 C.M.S. ta danƙa masa sabon aikin mishan na Kwara. Ya ajiye Rabaran John Christopher Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, a Anacha. Ya ajiye ma'aikata a Gbebe, kusa da mahaɗar koguna. Ya ci gaba da nufin kaiwa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato, amma jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka yi watanni da yawa a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna hannu rabbana ba. Ya shiga koyon Nufanci, yana hira da fatake da masunta da malamai, abin da ya haifi littafin koyon karatu da Nufanci a 1860, da nahawu a 1864.

A 1862 ya yi wa masu bi na fari baftisma a Gbebe. 'Yan kaɗan ne, amma su ne nunan fari na wannan yanki. Da yaƙin basasa ya watsa Gbebe, aikin ya koma Lakwaja, inda aka buɗe makaranta a 1865, wadda ake lissafta ta makarantar boko ta fari a Arewacin Nijeriya. Ya kamata mu lura da wannan: ma'aikatan mishan na Kwara kusan dukansu baƙaƙen fata ne, 'yantattun bayi daga Saliyo da 'ya'yansu, malaman makaranta da kafintoci da masu ɗinkin takalma. Waɗanda aka fitar da su daga ƙasar nan a sarƙa, su Allah ya komo da su riƙe da Littafi.

Naɗinsa Bishof

Babban sakataren C.M.S. a lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa ikilisiya wadda za ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta, sa'an nan shi ya matsa gaba. Domin haka ya nace a naɗa Crowther bishof. Waɗansu Turawan mishan, har da abokin aikinsa Townsend, suka ƙi, suna cewa lokaci bai yi ba da baƙar fata zai shugabanci Bature. Shi Crowther ma bai nemi matsayin ba, sai da Venn ya matsa masa ƙwarai kafin ya yarda.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babbar majami'ar Canterbury, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda jirginsa ya ɗauke shi yana yaro tsirara shekara 42 da suka wuce, akwai kuma gwauruwar John Weeks, wadda ta san shi tun yana koyon baƙaƙe. Amma saboda ƙorafin da aka yi, ba a sa Turawan mishan na ƙasar Yarabawa a ƙarƙashinsa ba. Aka ba shi ƙasashen da ke bayan iyakar mulkin Sarauniya, ƙasa mai faɗin gaske, ba isasshen kuɗi, ba kuma jirgin kansa.

Duk da haka aiki ya ci gaba. Aka buɗe Bonny da Brass a bakin teku, inda masu bi suka sha tsanani har waɗansu suka ba da ransu. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin Kwara yana neman kuɗin fansa, wani jami'in Ingila mai suna Fell kuma ya rasa ransa da kibiya mai dafi garin kuɓutar da su. Wannan bai hana Bishof komawa kogin ba.

Zamansa da Sarakuna Musulmi

A nan akwai abin da ya shafe mu ƙwarai, mu da muke zaune gari ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, da 'yan'uwanmu Musulmi. Mutumin nan yana sane da waɗanda suka ƙone garinsu. Da ya riƙe ƙiyayya, da mutane sun ce yana da hujja. Amma bai riƙe ba. Ya yi ta zuwa Bida gaishe da Etsu Masaba, da Umaru Majigi bayansa, yana bin ladabin fada, ba ya kafa tasha sai da izinin mai ƙasa. Da haka aka ba shi wuri a tudun Kipo kusa da Eggan a 1876, a kan hanyar ayarin fataken Hausawa, gama burinsa kullum shi ne bishara ta bi hanyar fatake ta kai ƙasar Hausa.

Ya gane tun da wuri cewa gardama ba ta jawo kowa. A 1872, yana komawa Ikko ta ƙasa, ya biya ta Ilori, Sarki kuma ya kira shi gaban fadawa da malamai, aka yi masa tambayoyi a kan Yesu Almasihu. Bai kushe addinin kowa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta amsa da Yarabanci. Ya fara da Bishara ta hannun Luka, inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu, gama ya san masu sauraronsa suna girmama Jibra'ilu da Maryamu. Da aka tambaye shi labarin ɗaya littafin da ke hannunsa, wato Littafin Addu'a, sai ya karanta addu'ar da ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa Kirista sukan sa sunan sarkin da suke zaune a ƙarƙashinsa. Sarki da fadawa suka yarda addu'ar ta dace.

Amincin da ya samu ya kai har a cikin shekarun 1880 Etsu Maliki na Nufe ya aika masa da wasiƙa, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa, domin tana lalatar da mutanensa. Ba mu ce sarakunan nan sun karɓi bishara ba, tashoshin Nufe kuma ba su taɓa cika da mutane ba. Amma sarki Musulmi ya ga shugaban Kirista ya amince masa da damuwar talakawansa. Wannan ma shaida ce.

Kwanakin Wahala

Venn ya rasu a 1873, iska kuma ta juya. Turawa suka fara rububin mallakar Afirka, kamfanin Ingila ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe daga Kwara, ra'ayin raina baƙar fata kuma ya shiga har cikin mishan. Ba za mu ɓoye gaskiya ba, akwai aibi cikin aikin Kwara. Bishof yana zaune a Ikko, yakan kai ziyara ne sa'ad da ruwa ya cika jirgin 'yan kasuwa ya samu hawa. Ma'aikata suna zaune nesa da juna, albashi kaɗan, waɗansu suka shiga ciniki, waɗansu suka faɗi cikin zunubi, har aka sami mummunan laifin kisan wata yarinya a Anacha. Shi kuwa Bishof mutum ne mai taushin zuciya, ya fi son ya yi wa mai laifi gargaɗi ya jira tubarsa da ya kore shi, ba ya kuma hukunta kowa a kan jita-jita sai da shaida.

A 1890 waɗansu samarin Turawa suka iso, cike da himma. Cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da John Alfred Robinson, da F. N. Eden, da H. H. Dobinson. Brooke da Robinson suka zauna a Lakwaja, suka sa riga da rawani irin na Hausawa, suna shirin shiga ƙasar Hausa. Ba mu shakkar ƙaunarsu ga Ubangiji, gama sun bar gida da daɗi sun zo inda suka san mutuwa tana kusa. Amma sun duba aikin shekara 33 suka ce duk ƙaiƙayi ne. Suka soke sunayen masu bi da yawa daga littafin ikilisiya, suka hana su Jibin Ubangiji.

A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamiti a Anacha, Bishof yana kan kujera. A gabansa samarin nan suka tuhumi fastocin da shi ya ɗibiya wa hannu, Eden kuma, da yake shi ne sakatare, ya dakatar da su ba da yardar Bishof ba, har da Dandeson, wanda yake lura da ikilisiyoyin bakin teku. Tsoho mai shekara fiye da 80, wanda ya fara hawan Kwara tun ba a haifi ko ɗayansu ba, aka yi masa magana kamar yaron gida. Bai rama ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya rubuta wa C.M.S. bayaninsa cikin natsuwa. Kafin a daɗe an sallami yawancin ma'aikata baƙaƙe na Kwara.

Sauri ya haifi nawa. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, ba wanda ya kai ƙasar Hausa cikinsu. Dobinson ya daɗe kaɗan, ya koyi harshen mutane, ya ga wahalar aikin da idonsa, daga baya kuma ya yi nadama, ya nemi gafara a bainar jama'a. Allah kuwa, wanda yake fitar da alheri daga cikin kuskuren bayinsa, ya sa aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila domin tunawa da Robinson. Ɗan'uwansa Charles Robinson ya zo har Kano a 1894, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa. A 1900 Bishof Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, a 1932 kuma aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, shekara 91 bayan Crowther da Schön suka fara koyon harshen.

Rasuwarsa

A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Bishof. Ran 31 ga Disamba 1891 ya huta cikin Ubangiji a Ikko. Matarsa ta riga shi tun 1880. Aka binne shi a makabartar Ajele, a 1976 kuma aka mayar da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Christ Church a Legas.

A 1892 ikilisiyoyin bakin teku, ƙarƙashin Dandeson, suka tsaya da ƙafafunsu, suna biyan ma'aikatansu da kansu ba tare da kuɗin C.M.S. ba. Amma kujerar Bishof aka ba Bature. Aka riƙa naɗa 'yan ƙasa mataimaka kawai, sai a 1952 ɗan Nijeriya ya sāke riƙe dayosis na kansa a ikilisiyar Angilikan, wato bayan shekara 60. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishof na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka keɓe shi ya furta cewa an zalunci wannan bawan Allah, ya kuma nuna tuba a madadin ikilisiyar Ingila.

Abin da Ya Bar Mana

Ƙaunatattu cikin Almasihu, ikilisiya mai shekara 50 tana tsaye ne a inda mishan na Kwara ya tsaya a 1890. Waɗanda suka aza harsashi sun tsufa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Sabon tsara ya taso da ilimi da himma, yana kuma ganin kurakuran da ke akwai. Kurakuran kuwa na gaske ne, kamar yadda na Kwara suke na gaske. Ku matasanmu, ku gyara abin da ya karkace, gama aikin naku ne gobe. Amma kafin ku ce ba a yi kome ba, ku tambayi abin da aka sha kafin a sami inuwar da kuke zaune a ciki. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ku iyayenmu dattawa kuma, kada taushin zuciya ya hana ku tsawata wa mai laifi tun abin yana ƙarami, gama ɓarakar da aka ƙyale ita ce ƙofar da mai rushewa yake shigowa ta ciki.

Mu riƙe harshenmu cikin sujada da karatun Littafi, mu koya wa 'ya'yanmu, gama mutane sun ba da ransu kafin Maganar Allah ta zo mana da Hausa. Mu zauna da maƙwabtanmu yadda ya zauna da su, ba tsoro, ba zagi, muna yi wa masu mulki addu'a. Mu ɗauki nauyin ikilisiyarmu da hannunmu, kada mu zuba ido ga wani daga nesa.

Yaron da aka yi musayarsa da doki, aka kuma ce dokin bai yi ba, shi Ubangiji ya zaɓa ya buɗe mana hanya. Allah wanda ya riƙe shi daga Osogun har zuwa ƙarshe, shi ya riƙe ikilisiyarmu cikin shekaru 50 masu zuwa, ya same mu da aminci a ranar komowar Ɗansa Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.